Yadda ake tsara hutun mako guda a Barbados, rabi cikin gari rabi bakin teku

Duk wanda ya ji an ce tsibiran Karebiyan abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne farin yashi da ruwa shuɗi da mutum kwance ƙarƙashin laima, shi kenan. To gaskiya idan haka kawai za ka je yi ka yi asarar kuɗin jirgi, don teku akwai shi kusa da mu. Abin da ya sa na zaɓi Barbados in yi bayani a kai shi ne ƙasa ce 'yar ƙarama, tsawonta wajen kilomita 34 faɗinta 23, mutanenta ba su kai dubu ɗari uku ba, kuma babban birninta Bridgetown yana manne da bakin ruwa ta yadda za ka gama zaga tsohon gari da hantsi ka taka da ƙafa cikin minti ashirin ka tsinci kanka a rairayi. Ba sai ka kama otal biyu ba, ba sai ka hau wani jirgi na biyu ba. Ga yadda nake ba da shawarar a yi shi.

Mataki na 1: ka fara da hanya, ba da otal ba

Nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Mai fasfon Najeriya ko na Ghana ba ya buƙatar biza don shiga Barbados yawon buɗe ido, sai mutum ya ji haka ya yi ta murna ya je ya biya otal, bai tsaya ya tambayi kansa ta ina zai bi ba. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Landan, British Airways da Virgin Atlantic duk suna tashi daga can kai tsaye, tafiyar awa takwas da rabi zuwa tara. Amma fa ɗan Najeriya ko da ba zai fita daga filin jirgin Landan ba, canjin jirgi kawai zai yi, sai ya mallaki bizar yada zango ta Ingila, in ba yana riƙe da wata takarda da ta ɗauke masa ita ba. Ta Amurka kuma ta fi tsanani, can babu zancen yada zango ba biza kwata-kwata, ko awa ɗaya za ka yi a Miami ko New York sai da bizarsu a fasfonka. Saboda haka jerin shi ne: ka tantance hanya, ka samu bizar ƙasar da za ka ratsa, sannan tikiti, sannan masauki. Wanda ya juya wannan jerin zai iya ganin kuɗinsa sun maƙale. 'Yan'uwa masu fasfon Nijar, Kamaru, Chadi ko Sudan, ku fara da tabbatar da matsayin fasfonku a wajen hukumar shige da ficen Barbados ɗin kanta kafin komai.

Sai katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawar, tunda daga ƙasashenmu kake kada ka kuskura ka baro shi a gida, ka sa shi cikin fasfo. Akwai kuma fom na shige da fice da kwastan da ake cikewa ta intanet a cikin kwana uku kafin sauka, ka cike ka ajiye hotonsa a waya. Ka riƙe tikitin dawowa da adireshin inda za ka sauka a takarda, za a iya tambayarka a filin jirgin Barbados, Grantley Adams.

Mataki na 2: wane wata

Ranin su daga Disamba ne zuwa Mayu, daminar su daga Yuni zuwa Nuwamba, kuma daminar ita ce lokacin mahaukaciyar guguwar teku. Barbados tana can gefen gabas, ta ɗan kauce wa hanyar da guguwar ta fi bi, amma ba wai ba ta taɓa ta ba, a Yulin 2021 guguwar Elsa ta yaye rufin gidaje, a 2024 kuma Beryl ta farfasa jiragen masunta da yawa a Bridgetown. Tsakiyar Disamba zuwa Afrilu Turawa masu gudun sanyi sun cika ko'ina farashi ya haura. Ni a ganina Mayu ya fi, ko farkon Disamba kafin Kirsimeti. Ƙarshen Yuli zuwa Litinin ta farko a Agusta lokacin bikin Crop Over ne, asalinsa bikin gama girbin rake, yanzu ya zama gagarumin casu da kiɗa a titi, masauki yana wuya kuma shigar da ake yi ranar rufewa ba abin da za ka so ka kai iyali su gani ba ne. Mai neman natsuwa ya kauce wa wannan makon.

Mataki na 3: gefen da za ka sauka, wannan shi ne zuciyar maganar

Tsibirin gefe uku ne a wajen mai hutu. Yamma, wajen Holetown zuwa Speightstown, ruwan kwance yake kamar na tafki amma can ne manyan otal na masu hannu da shuni. Gabas, wajen Bathsheba, tekun Atlantika ne tsagwaronsa, kyau kamar me, amma ba a iyo. Sai kudu: Hastings, Rockley, Worthing, har Oistins. Kudun nan nake so ka sauka, musamman tsakanin Hastings da Worthing. Dalili, kana minti goma sha biyar zuwa ashirin da tsakiyar birni a mota in ba cunkoso, teku yana tsallaken titi, ga kantuna ga motocin haya ba sa yankewa, ga filin jirgi ba nisa. Ka guji St. Lawrence Gap idan da iyali kake, layin mashaya ne da kiɗa har tsakar dare.

Kuma don Allah ka nemi ɗaki mai ɗan kicin. Abinci a Barbados da tsada sosai saboda yawancinsa shigo da shi ake yi, in ka ce sau uku a rana a gidan abinci za ka ci aljihu zai faɗa maka. Shayi da burodi da ƙwai da safe a ɗaki, ya rage maka rabin wahala, ga shi ya sauƙaƙa maka batun halal. Ruwan famfonsu ana sha, ba sai ka ta sayen na gora ba.

Kuɗi kuwa lissafinsa ba wuya, dalar Barbados biyu ita ce dalar Amurka ɗaya, haka aka ɗaure ta shekaru da yawa. Ana karɓar dalar Amurka ta takarda kusan ko'ina a ba ka canji da tasu. Abin lura kawai, kafin ka ce ka saya ka tambaya farashin nan da wace dala ce, musamman wajen 'yan tasi, don tasinsu ba mita, ciniki ake gamawa kafin a shiga. Ka taho da kuɗi a hannu da katin dala, kada ka dogara da katin naira. Soket ɗinsu irin na Amurka ne mai baki biyu siriri, ka sayi abin haɗi tun daga gida. Agogonsu yana bayan na Najeriya da awa biyar.

Wani abu da ba wasa ba: kaya masu zanen kakin soja haramun ne ga farar hula a can, har yara, ko hula ce ko jaka ko gajeren wando. Ka cire shi daga akwati tun a gida.

Mataki na 4: raba kwanakin

Kuskuren da ake yi shi ne a ce kwana uku gari, kwana huɗu teku. A'a. Yini ake rabawa ba mako ba. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, kantunan cikin gari suna rufewa da wuri, Lahadi kuwa birnin tsit yake kamar an yi shara. To sai ka ba gari safiya daga takwas zuwa azahar, ka dawo ka yi sallah ka ɗan kwanta, bayan la'asar ka gangara ruwa lokacin da rana ta yi sanyi. Ranar da ka sauka kada ka sa komai, ka yi wanka ka taka kan doguwar gadar katakon nan da ta bi bakin ruwa daga Hastings zuwa Rockley, inda ake kira Accra Beach, ka dawo ka yi barci.

Kwana na biyu, tsohon birni. Ka tsaya bakin titi ka tare farar ƙaramar bas mai ratsin ja-ja a jiki, ZR suke ce mata saboda harufan lambarta, mai lamba 11 ita ke bin gaɓar kudu. In ka taɓa shiga bas ɗin haya a Kano ba abin da zai ba ka mamaki, kwandasta ne a ƙofa, kiɗa a sama, a matsa a matsa. Kuɗin mota dala 3.50 tasu duk inda za ka, haka a manyan shuɗayen bas na gwamnati, sai dai su waɗannan ba sa ba da canji. Kuma in ka shiga ka gaida mutane, suna ɗaukar gaisuwa da muhimmanci kamar mu, wanda ya faɗo kanti ko mota ba gaisuwa ana ganin rashin tarbiyyarsa.

Ka fara daga gadar Chamberlain da ke kan mashigin ruwan da ake kira Careenage, inda a da ake kwantar da jiragen ruwa a kankare musu ciki. Tsallake ɗaya ga dandalin gwarazan ƙasa, da can sunansa Trafalgar kuma gunkin Nelson Bature ya yi sama da shekara 200 a tsaye a wurin kafin a sauke shi a Nuwambar 2020. Shekara guda bayan haka, 30 ga Nuwamban 2021, ƙasar ta ajiye Sarauniyar Ingila ta zama jamhuriya, Sandra Mason ta zama shugabar ƙasa ta farko, Mia Mottley tana firaminista. Gaban dandalin ga ginin majalisa na farin dutse da hasumiyar agogo, ginin na shekarun 1870 ne amma majalisar kanta tun 1639 take zama. Daga nan ka bi Broad Street ka leƙa, amma kada ka daɗe, kantunan agogo da turare ne na baƙin da manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido ke kawowa. Swan Street da ke bayanta can ne mutanen gari suke, 'yan tebur, masu takalma, masu 'ya'yan itace, hayaniya. Kusa da nan akwai wurin ibadar Yahudawa na Nidhe Israel da aka fara ginawa a 1654, yana cikin mafi daɗewa a duk nahiyar Amurka. Ka ƙarasa kasuwar Cheapside, Asabar da safe ta fi cika, za ka ga kuɓewa da doya da dankali da rogo da tattasai a jere sai ka rasa a ina kake.

Kafin ka bar gari ka shiga lambun Queen's Park. Akwai wata kuka a ciki, kuka dai tamu ta miya, gindinta sai mutum goma sha wani abu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Na daɗe a tsaye a gindinta ina shafa ɓawon, santsinsa da tokar launinsa sak irin na bayan garinmu, ga teku mai faɗin dubban kilomita tsakaninta da 'yan'uwanta. A wurin ne tarihin tsibirin ya fara shiga jikina, don mutanen da ke wucewa ta gabanka kakanninsu daga Afirka ta Yamma aka kwaso su a ɗaure, aka zuba su gonakin rake tun daga shekarun 1640.

Kwana na uku ka tashi da asuba, wannan kada ka bari ya wuce ka. Bayan sallah ka nufi Pebbles Beach a bakin Carlisle Bay, gaɓar da ke manne da Bridgetown ta kudu, kafin ƙarfe bakwai. Masu kula da dawakin sukuwa na filin Garrison Savannah suna jawo su zuwa teku su yi musu wanka. Za ka ga doki ya shiga har ruwa ya kai masa wuya, yana huci, mai shi yana gefe riƙe da igiya suna iyo tare, in sun fito jikin yana sheƙi ana goge shi da hannu. Wanda ya tashi a garin da ake hawan sallah zai ji abin har cikin ransa. Ka tsaya gefe, ka nemi izini kafin ka taɓa ko ka ɗau hoto kusa. Daga nan da ƙafa za ka hau zuwa Garrison, tsohon barikin sojan Ingila, wanda shi da tsohon birnin UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Gidan tarihin ƙasar yana nan cikin tsohon kurkukun soja, ka ba shi awa biyu cur. Ga kuma gidan da George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya zauna a 1751 yana saurayi ɗan shekara 19, ya rako yayansa jinya, kuma Barbados ce kaɗai ƙasar wajen da ya taɓa zuwa a rayuwarsa. Da yamma ka koma Carlisle Bay ɗin, ɓangaren Brownes Beach, nan ne ruwan da ya fi dacewa da wanda bai iya iyo sosai ba da kuma yara, fari tas ba igiya. Masu ƙananan jirage suna kai mutane 'yan mitoci ciki a ga kunkurun teku da tsofaffin jiragen da suka nutse, suna ba da rigar da ke hana nutsewa, ka sa ta ko ka iya ruwa.

Kwana na huɗu na cikin tsibiri ne da gabas. Ko ka yi ciniki da ɗan tasi na yini, ko ka yi hayar mota, amma tunda hannun hagu suke tuƙi kuma hanyoyin ƙauye sirara ne masu kwana-kwana, ni dai na fi son tasi. Kogon Harrison's Cave ana shiga da 'yar motar lantarki, ka kama gurbi tun kafin ranar. Sai Bathsheba, manyan duwatsu tsaye cikin ruwa igiya tana dukansu. Ɗan'uwa ka ji ni da kyau, kada ka shiga ruwan nan. Yana da ja ta ƙasa, gwanaye ma yana cinye su, ka zauna kan tudu ka sha iska ka ci abincinka. A hanyar dawowa ka ce a bi da kai ta shataletalen da gunkin Bussa yake, mutum tsaye ya ɗaga hannu sama sarƙa a tsinke. Bussa shi ya jagoranci boren bayi mafi girma a tsibirin a Afrilun 1816, kuma a yaƙin ya rasu. Wajen Oistins kuma akwai maƙabartar bayi ta Newton, fili ne kawai da ciyawa ba wani gini, amma ka je.

Kwana na biyar da na shida ka bar su a sake, kada ka cika su da shiri. Ɗaya ka hau bas zuwa yamma, Holetown inda Ingilishi suka fara zama a 1627, ka wuce Speightstown mai tsofaffin benaye, ka yi wanka a duk bakin ruwan da ya yi maka, domin a dokarsu babu bakin teku na wani, ko gaban otal mafi tsada ne kana da ikon shimfiɗa tawul ɗinka a yashi, ka nemi 'yar hanyar da aka bari ta jama'a. A gefen nan ne za ka kula da wata bishiya mai suna manchineel, 'ya'yanta kamar ƙananan tuffa kore, galibi an shafa mata jan fenti a gindi. Guba ce, kada a ci, kada a taɓa, kada a fake ƙarƙashinta in ana ruwa don ɗigon yana ƙona fata. Ka ja wa yara kunne sosai. Ɗaya ranar kuma ka bar ta ba shiri, saboda wani lokaci wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa tana taruwa a gaɓar gabas da kudu tana wari, in ta sauka a gefenku sai ka koma yamma ko Carlisle Bay ranar.

Mataki na 5: ci da sallah

Ka daidaita makonka yadda Juma'a za ta same ka a can. Akwai Musulmi a Bridgetown, yawancinsu asalin Gujarat ta Indiya, da masallacin Juma'a a Kensington New Road da wani a Sobers Lane. In ka je sallah ka tambayi jama'ar masallaci inda ake samun naman halal, su ne za su nuna maka daidai. Alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa. Daren Juma'ar kuma sai Oistins, garin masunta inda ake gasa kifi a fili, hayaƙi ya turnuƙe, tebura a jere. Ka je da wuri wajen magariba ka ci ka tashi kafin wurin ya rikiɗe ya koma na sha da rawa.

Kifi shi ne mafitarka duk makon. Abincin ƙasar sunansa cou-cou da kifi mai tashi, kuma cou-cou ɗin nan ba komai ba ne illa tuwon masara da aka tuƙa da kuɓewa a ciki, har muciyarsu suke da ita. Abin shan da suke kira sorrel kuwa zoɓo ne da kanumfari, sai dai ka tambaya ko an zuba masa giya, don nan ƙasar giyar rake ce, tana shiga kek tana shiga lemo. Abin da ake kira pudding and souse na ranar Asabar naman alade ne, ka wuce shi. Shinkafa da wake ma wasu da wutsiyar alade suke dafawa, kada ka ji kunyar tambaya, ba sa jin haushi. In kuma ka ji an ce dolphin a jerin abinci, ba dabbar ruwan nan da aka sani da sunan ba ce, wani kifi ne mai sunan haka, ka ci abinka.

'Yan'uwa mata, ba wanda zai hana ku shiga ruwa da doguwar rigar iyo da ɗankwali, ku saya tun daga gida don a can ba lallai a samu ba, kuma da sassafe bakin ruwan ya fi zama fayau, tsofaffin gari ne kawai ke jiƙa jiki suna hira. Jiragen yawo na yini da ake tallatawa kuwa yawancinsu da giya a buɗe suke tafiya, mai iyali gara ya ɗauki ƙaramin jirgi na awa ɗaya ko biyu daga Carlisle Bay.

Ranar komawa, jiragen Landan galibi da yamma ko da dare suke tashi, saboda haka safiyar taka ce. Ka roƙi masu masauki su ajiye maka kaya, ka yi wankan ƙarshe da wuri yadda kayan za su bushe, ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi, kuma ka duba tun da dare cewa bizar yada zangonka ta Landan tana aiki har ranar dawowa ba ta zuwa kaɗai ba.